Eriyar Baba Tanimu

Da hantsi ya kawo ta, Marsandi ruwan ƙasa,
wadda ta girmi auren iyayena.
Ya tsayar da ita gindin dalbejiyar garejinmu a Yelwa,
ya ce, "Ilu, duba mini wannan,
ta tsaya a rabi kamar mai shakkar gaisuwa."

Na murɗa makulli. Sai gurnani daga but,
irin na injin niƙa in ya haɗiyi tsakuwa.
Eriyar ta yi kakkarwa, ta ƙara tsawon ɗan yatsa,
ta fasa.

Na ce, "Baba, akwai ta hannu a kasuwa,
jaka biyu, ka ja, ka tura, magana ta ƙare."
Ya dube ni ta saman tabarau, bai ce uffan ba.
Na ɗauko sifana mai lamba goma.

Bayan kwalin but, inda jar ƙasar hanyar Pitowa
ta yi shekara talatin tana kwana,
na tarar da gidan zanzaro, da ƙwallon dabino,
da rasiɗin auduga da rubutunsa ya koɗe.
Fiyus lafiya lau. Waya uku, duk da wuta.
Ɗan injin na juyi, ba shi ne mai laifi ba.
Sukurori shida, na shidan ya ci tsatsa,
sai da ya sha man birki ya yarda.
Da na ɗaga murfin na ga ciwon:
igiyar roba mai haƙora,
wadda ke naɗe kamar gammo,
ta karye gida uku.
Giris ya daskare ya koma tunkuza,
haƙoran sun zube a ciki kamar tsakin shinkafa.

Garwa kaf babu irinta.
Na aika Marwa, aka ce a tambayi Kuseri.
Kwana tara, sai ga yaron motar Bello Kwalta
da ita a naɗe cikin takardar burodi,
an cire ta daga wata da ta mutu a bakin Logon.

Na wanke kaskon da kananzir.
Gaɓar da masu wankin mota suka lanƙwasa
na mirgina ta kan katako har ta miƙe.
Sabon giris, kaɗan, ba a cika wa tsoho ciki.
Na saka wutsiyar a rami, haƙora na duban baya,
na ce wa Mamuda, "Kashe rediyo."
Injin ya kama ta, ya zuƙe
kamar yaro da taliya,
gaɓa na shiga cikin gaɓa
har kan ya zauna daram.

"Kunna."

Ta taso. Ɗaya, biyu, har biyar,
ba gurnani, ba gardama,
rana ta sauka a tsininta ta tsaya.
Amma daga lasifika sai shuuu,
ba Yawunde, ba Njamena, ko tarin mai labarai babu.

Na ce, "Ai rediyon ma ya tafi, Baba.
Bari in kwance shi."
Ya ce, "Bar shi. Ya daɗe da yin shiru,
kunnuwana ma sun bi shi tun bara waccan.
Gwiwoyin nan sai an kama ni nake barin tabarma.
So nake kullum da safe
in ga wani abu nawa ya durƙusa,
ya tashi, ba a miƙa masa hannu ba."

Ya kashe, ta sauka. Ya kunna, ta hau.
Sau uku yana yi, muna tsaye da baƙin mai a hannu.
Ya ƙirgo kuɗina bai nemi ragi ba,
ya ja motar a hankali ya nufi gadar Binuwai.

Mamuda ya ce, "Maigida, mun manta noti ɗaya."
Yana aljihuna har yau.